Shawarwarin Abang Bahrun ga Baƙin Ambon

Shekara ashirin da takwas ina auren Abang Bahrun Tuasikal, kuma duk unguwarmu ta Batu Merah babu wanda ya sha bakinsa kamar ni. Tikitin jirgin ruwa ya sayar a tashar Ambon har ya yi ritaya, ta wannan 'yar tagar kuma ya san duniya kaf. Duk tsibirin da ka ambata zai gaya maka irin iskarsa da ɗanɗanon ruwan rijiyarsa, alhali ni shaida ce, rabon da ya wuce Passo tun ina goyon 'yarmu Nursina.

Ba na hana shi. Mutum ya yi ritaya, in ba surutu ba me zai yi? Amma da Nursina ta zo da maganar Bagus, wani yaron Surabaya ta tsibirin Java da suke aiki tare a asibiti, sai hankalina ya tashi. Yaron ba shi da aibu. Iyayensa ne suka ce ba za su nemi aure ba sai sun zo sun ga gidanmu da idonsu. Kwana biyu za su yi. In mun kwanta musu, za su yi magana kafin su hau jirgi. In ba mu kwanta musu ba, su yi godiya su tafi, shi ke nan. Bagus kuwa ya gaya wa Nursina ƙiri-ƙiri ba zai tsallake maganar ubansa ba.

"Baba, don girman Allah," in ji Nursina, "ka ba su shayi, ka yi musu ya hanya, ka yi shiru. Mutanen Java ba irinmu ba ne. Ko ƙafarsu ka taka, murmushi za su yi su ce ba komai. Ba za ka san sun ji haushi ba sai sun koma gida ka ji shiru."

"Ni za ki koya wa karɓar baƙi?" in ji shi. "Mutane su taso tun daga Surabaya, a zaunar da su a falo suna kallon labulen uwarki? Zan nuna musu Ambon daga birni har daji a wuni ɗaya. Da yamma da kansu za su roƙe ni in ba su ke."

Kwana uku ya yi yana rubutu a teburin da nake yanka albasa. Ya fito da takarda mai suna Shawarwari Goma Sha Ɗaya ga Mai Ziyarar Ambon, daga Bakin Gwani. Bai tsaya nan ba, sai da ya je aka buga masa kwafi arba'in ya rarraba a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Maƙwabcinmu La Udin, mai ƙaramar bas ɗin da za ta kai mu, ya tsaya a tsakiyar layi yana karanta wa mutane da ƙarfi.

"Abang, wane ne gwanin? Ban ga an sa sunansa ba."

"Ka dai zuba mai a wannan gwangwanin naka," in ji mijina. "Gobe za ka sha karatu kyauta."

Asabar da safe muka ɗauko baƙin daga masaukinsu. Uban Bagus, Pak Sutrisno, tsohon shugaban makaranta ne, siriri, da farin takalmi fes da 'yar jaka a kafaɗa. Matarsa Bu Wiwik gajera ce, in tana magana sai ka kasa kunne. Bagus yana aiki ran nan, don haka Nursina ce ta zauna kusa da ni a baya, hannunta ya yi sanyi kamar wadda za a yi wa allura.

Na sa laima uku a ƙarƙashin kujera. Abang ya gan su, ya zaro su ɗaya bayan ɗaya ya miƙa wa wata maƙwabciya ta kan katanga.

"Shawara ta ɗaya," ya juya yana karanta wa baƙin, "kada ka ɗauki laima. Mai laima ana gane shi baƙo ne, a tsawwala masa kuɗin komai."

"Abang, watan Yuli ne fa," na ce.

"Na duba sama, Rugaya. Wannan gajimaren na tsibirin Seram ne, wucewa zai yi."

Kasuwar Mardika muka fara shiga, wai shawara ta biyu ta ce wanda bai ga layin masu kifi ba bai ga birni ba. Ya sayi ƙwai ashirin ya ƙulle a leda, ya ce na babban abin mamaki ne, kada kowa ya taɓa. Daga nan ya tsaya gaban wata mai kifi ya ɗaga wani ta wutsiya.

"Pak Sutrisno, dubi wannan da kyau. Duk faɗin duniya ba a samun irinsa sai a bakin ruwan Ambon. Kakanninmu ba sa bari a fita da shi."

Mai kifin ta ɗago kai. "Abang, daskararre ne. Shekaranjiya aka sauke shi daga jirgin Surabaya."

"Shi ya sa na ga kamar na san shi," in ji Bu Wiwik a hankali.

Duk layin suka ɗauki shewa. Mijina ya ajiye kifin ya ce lokaci na tafiya.

Da muka kusa Passo, motoci sun ɗan taru. Abang ya buga wa La Udin kafaɗa ya nuna wata 'yar hanya ta hagu, ya ce shawara ta huɗu ke nan, gwani ba ya bin babban titi.

"Abang, wannan hanyar ko akuya sai ta yi shawara kafin ta bi."

"Na bi ta sau ɗari."

"A wace shekara?"

"Kai direba ne ko alƙali? Juya!"

La Udin ya juya. Kwalta ta ƙare, tsakuwa ta ƙare, hanyar ma ta ƙare a bayan gidan wasu mutane, dab da kejin kajinsu. A daidai nan gajimaren Seram ya fasa wucewa. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, tayar baya ta nutse cikin laka. Masu gidan suka fito baranda da kofunan shayinsu suna kallo, wata tsohuwa ta tambaye mu ko ta'aziyya muka zo. Abang ya fita yana ba da umarni, hannu ɗaya a ƙugu. Pak Sutrisno kuwa ba wanda ya ce ya fito, ya fito ya sa kafaɗa yana turi. Taya ta juya ta watsa masa laka tun daga takalmi har aljihun riga.

"Ba komai," ya ce yana murmushi, da motar ta fita.

Nursina ta mintsine ni a cinya har sai da na ce wash.

"Kun ji?" in ji Abang. "Ya ce ba komai. Ai mutumin birni kewar laka yake yi."

Ruwa ya ɗan tsagaita da muka isa bakin teku a Natsepa. Matan rujak suna jere a rumfunansu, suna dakan gyaɗa da barkono da jan sukari suna kwararawa a kan abarba da mangwaro da gwanda. Nan kam na ce Allah ya sa mu huta, don ba a ɓata rujak. Ashe ban gama sanin mijina ba.

"Usi," ya ce wa mai rumfar, yadda ake kiran mata a can, "su baƙi ki sa musu barkono ɗaya, cikinsu bai saba ba. Ni kuma goma sha biyar, yadda na saba."

A gida ko biyu na sa a miya sai ya kwana yana safa da marwa tsakanin gado da banɗaki. Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu. Loma uku ya yi. A ta huɗu idonsa ya kaɗa, hanci ya fara zuba, ya miƙe yana zagaya rumfar yana hura baki. Bu Wiwik ta ɗanɗana nata, ta ajiye cokali.

"Pak Bahrun, in ba za ka ci ba mu yi musaya. Nawa kamar na jarirai."

Ta jawo farantinsa ta cinye tas, ta kuma tambayi mai rumfar ko barkonon bana ne ba shi da yaji. Matan rumfuna uku suka taso kallonta. Mijina ya shanye ruwan kwakwa biyu, da muryarsa ta dawo ya ce ƙashi ne ya maƙale masa.

"Ƙashin abarba?" in ji La Udin.



Bayan azahar muka tsaya a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Tulehu. Ko yaro ya san da kududdufin gefe ake farawa, inda ruwan ya huce. Abang ya ja Pak Sutrisno zuwa na can ciki, wai shawara ta bakwai ta ce a tsoma ƙafa lokaci guda, wanda ya yi a hankali shi ke jin zafi. Shi bai tsoma tasa ba, yana riƙe da takarda. Bawan Allah ya tsoma, ya fizge, ƙafar ta yi ja zuwa idon sawu.

"Ba komai," ya ce, amma wannan karon murmushin da haƙora a datse ya yi shi.

Nursina ta juya baya tana share ido da gefen mayafinta. Wallahi a lokacin na ji kamar in tura ubanta cikin ruwan da takardarsa. Yarinyar nan shekara biyu tana jiran wannan rana.

Shi ko a jikinsa. Don ya nuna ƙarfin ruwan, ya ɗauko ledar ƙwan nan ya ɗaura mata igiya ya zura a idon ruwan, inda yake tafasa.

"Abang, ba ƙwan morea ba ne?" na ce.

Can gaba da Tulehu akwai ƙauyen da muka nufa, mai wani tafki garai-garai a gindin bishiyoyi. A cikin kogunan duwatsunsa morea suke, kifayen nan masu siffar maciji, wani kaurinsa ya kai cinyar babban mutum. Mutanen ƙauyen ba sa cin su, ba sa dukan su. Ba sa fitowa kuma sai mai kiransu ya fasa ɗanyen ƙwai a cikin ruwa sun ji ƙarni. Wannan duk Ambon an sani, ko wanda bai taɓa zuwa ba.

"Ɗanye suke so," na ƙara gaya masa.

"Zancen mutanen da ke nan. Wa zai ga dafaffe ya zaɓi ɗanye? Ba a taɓa ba su ba ne."

La'asar muka isa. Rana ta ɗan leƙo, mata suna wanki a ƙasan tafkin, matasa sun taso daga koyon waƙar coci sun zazzauna a kan duwatsu. Mai kiran morea, wani tsoho da ake ce wa Opa Semi, ya taso da kwanon ƙwansa. Ubansa ma aikin da ya yi ke nan.

"Sannunku da zuwa. In kira muku su?"

"Huta abinka, Opa," in ji mijina. "Ni da morea mun san juna tun kafin a haifi waɗannan yaran."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. "Ban gane ka ba."

"Su za su gane ni."

Opa Semi ya koma kan dutsensa ya kunna taba. Abang ya jera baƙin a bakin ruwa, ya sa Bu Wiwik ta shirya wayarta, ya ɓare ƙwai ya marmasa a ruwa, ya shiga kaɗa ruwan da tafin hannu. Shiru. Ya ɓare na biyu da na uku, ya ƙara da wani irin kira da ban taɓa jin ya yi ba, tsakanin kiran kaji da kiran fasinja. Sai ga agwagi shida sun taho a jere daga wajen masu wanki, suka cinye ƙwan tas, suka tsaya suna jiran ƙari.

"To, ga su nan sun gane ka," in ji La Udin.

Matasan nan suka tuntsire da dariya. Wata mai wanki ta ɗaga murya ta ce, "Kawu, in akwai saura a miƙo mana da gishiri!"

Ƙwai goma sha huɗu agwagin suka ci kafin mijina ya yarda cewa yau morea sun tashi da son ɗanye. Opa Semi ya sake miƙewa zai taimaka. Abang ya ce ƙwai kawai yake so. Ya ɗebi huɗu a kwanon tsohon, ya rasa inda zai riƙe su don yana naɗe ƙafar wando, sai ya zuba biyu a aljihun dama, biyu a na hagu.

"Dutsen tsakiya yana da santsi," in ji tsohon yana komawa mazauninsa.

"Shawara ta goma," in ji Abang yana shiga ruwan, yana waiwayen baƙin, "gwani ba ya kallon ƙafarsa."

Taku uku ya yi. A na huɗu ƙafafunsa biyu suka tashi sama ya zauna daɓas, ruwa har ƙirji. Na ga wani abu rawaya yana fita daga aljihunsa duka biyu yana bin ruwa.

Opa Semi ya cire tabar daga bakinsa. "Yauwa. Yanzu ka kira su."

Na farko ya fito daga ƙarƙashin saiwar bishiya, baƙi, a hankali, ya fi tsayin mutum. Na biyu ya biyo shi. Kafin in ƙirga sun kai bakwai, duk sun nufi wandon mijina. Ɗaya ya cusa kai a aljihun dama har wuya, wani ya zagaya ta baya, wani ya bi ta ƙafar wandon da ya naɗe ya yi sama.

Ban taɓa sanin muryar Abang tana kai wa can ba.

"Rugaya! Rugaya! Yana ciki! Innalillahi, yana ciki!"

Ya ɗaga hannu zai kai duka, duk ƙauyen suka ɗauki ihu lokaci guda, masu wanki da masu waƙa: "Kada ka dake su! Ba a dukan su!"

"To su wa ya hana su?"

"Ba kai suke so ba, ƙwan suke so," in ji Opa Semi, ko tashi bai yi ba. "Cire wandon."

"A gaban baƙi?"

"To zauna da shi. Babban bai fito ba tukuna."

Ko rufe baki bai yi ba wandon ya fita. Morea suka ja shi, biyu a ƙafa ɗaya, uku a ɗaya, suka shige da shi kogon dutse. Wandon da muka ɗinka masa na sallar bara ke nan. Mijina ya rage a tsakiyar tafki, a tsugune, daga shi sai riga da ɗan kamfai, ya rungume gwiwoyinsa. Ruwan kuwa garai-garai ne, ba ya rufa wa kowa asiri. La Udin ya kwanta a ƙasa yana dukan ciyawa. Matasan suka taso da wayoyinsu suka jeru a bakin ruwa.

Na juya in ga Nursina. Ba ta kuka ma, tana tsaye ƙiƙam tana kallon ƙasa, ta riga ta sallama. Abang ma ya gan ta. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba tun aurenmu: ya buɗe baki ya rasa abin faɗa.

"Pak Sutrisno," ya ce daga baya, murya ƙasa-ƙasa, "ita yarinyar ba ruwanta. Uwarta ta biyo."

Pak Sutrisno ya zuge 'yar jakarsa ya zaro zanen da yake ɗaurawa in zai yi salla. Bai cire takalmi ba, bai naɗe wando ba, haka ya shiga ruwan da ƙonanniyar ƙafarsa yana ɗingishi har ya isa inda mijina yake. Ya ware zanen ya kare shi. Sannan ya juya ga matasan nan, da wata murya ta shugaban makaranta da ba mu san yana da ita ba.

"Ku sauke wayoyin nan. Duk wanda ya ɗauki surukina hoto, yanzu zan bi shi har gidan ubansa."

Wayoyi suka sauka kamar an yi ruwa an ɗauke.

Nursina ta ɗago kai ta dube ni. "Mama, me ya ce?"

"Kin ji shi," in ji Bu Wiwik, ta kama hannunta ta riƙe. "Jiya da kika zo gaishe mu muka gama shawara. So yake ya faɗa tun safe, babanki bai yi shirun da za a sa magana a ciki ba."

Sai a lokacin kukan ya zo wa yarinyar, ni ma na taya ta, ba kunya. Opa Semi ya fasa ƙwai ɗaya da kansa a can gefe don morea su ba su hanya, mazan biyu suka fito a hankali, ɗaya yana ɗingishi, ɗaya yana riƙe da zane a ƙugu da hannu biyu.

Da suka taka tudu Abang ya tsaya yana ɗigar ruwa, ya dubi Nursina, ya dubi Pak Sutrisno. Ya gyara murya. Na san wannan gyaran muryar, shawara ta goma sha ɗaya ce ke tahowa.

"Abang," na ce, "riƙe zanenka."

Ya riƙe. Har muka shiga Batu Merah ba wanda ya ji bakinsa, kuma a cikin wannan shirun Pak Sutrisno ya nema wa Bagus auren Nursina yadda ake nema, daga kujerar tsakiya, La Udin yana tuƙi yana share hawayen dariya da bayan hannu.